Zanen Ruwa a Bango

Ni ne Nibaldo, mai ja wa gini wuta.
Ban yi jami'a ba, sai bana na shige ta
da tsani a kafaɗa.
Valdivia ce, watan Yuli,
sama ba ta rufe baki ba tun Talata.

Takarda ta zo daga Santiago:
soket ɗari biyu da arba'in,
kowanne taƙi biyu daga ƙasa,
wai ɗaliban yanzu ba sa zama
inda na'urarsu ba za ta sha ta ƙoshi ba.

Muka ciccibi kantocin katako,
littattafai suka koma kwali
kamar masu jiran mota a tasha.
Inda taswirori ke kwana
za a kafa ɗakunan gilashi, na masu gardama.

Sai ga Doña Eduvigis,
shekara talatin da huɗu tana riƙe da makullai,
ta kama hannun rigata
ta kai ni bangon da kanta ta ɓoye.
Wani zane ne ruwan ƙasa, miƙaƙƙe,
daidai ƙuguna.

Ta ce, nan kogi ya tsaya
shekarar da ya shigo karatu.
Mun shanya ƙamus a igiya kamar wanki,
shafi shafi, har kwana sha tara.
Mai zanen takardarka bai san warin ba.

Na dubi takarda, na dubi bango.
Bango ya girmi takarda.

Na ɗaga kowane soket zuwa ƙirji.
Injiniya ya yi faɗa a waya,
na bar shi ya gama, na ce ya zo da takalmin roba.
Bai zo ba. Ya sa hannu.

Ran buɗewa an kawo kujeru masu taya,
allo mai amsa yatsa, fitilu farare.
Wata Millaray, mai karatun gandun daji,
ta miƙa hannu sama tana neman wuta,
ta yi tsaki: wane gwani ne ya sa shi can?

Ina bayanta ina naɗe waya.
Ban tanka ba.

Mai fenti ya shafe bangon tas,
sai tafin hannu ɗaya, bayan ƙofa,
da tsohuwar ta tsaya a gabansa
har fentin ya bushe a goga.