Jan Me?

A Tawa, unguwar Bilbis,
ranar da muka share ɗakin Inna Cima bayan sadakar arba'in,
ƙarƙashin kwanukan da ba ta taɓa ci a cikinsu ba
muka tarar da gwangwanin shayi, tsatsa ta kama murfin.
Ciki akwai ɗan almakashi,
da hoton wani mai gashin baki a gaban keken ɗinki,
da wasiƙa ninki huɗu.

Malam Illa ya juya ta, ya ce wannan ba ajami ba ne.
Mushe Dodo ya sa tabarau, ya ce ba a koyar da shi a lakkwal.
Baƙaƙen kamar ƙugiyoyin masuntan Tabalak,
kowanne da lanƙwasarsa,
ba wanda ya kamo mana ko tarwaɗa.

Garba Kwara ake ce wa uban Inna.
Ya sauka daga motar kamfani da keke a ka, da tari a ƙirji,
ya ɗinka wa kumandan wando, ya ɗinka wa Buzaye aljihu.
Larabcinsa na ciniki ne.
In ransa ya ɓaci sai ya koma wani harshe
da ko Kwarori ba sa ji.
In zai kira ƴarsa sai ya ce, "Cima jan."
Maƙwabta su kwashe da dariya:
jan me? Jan wuya? Jan hali?
Mutum ya fara magana ya bar ta ba wutsiya!
Shekara tamanin Inna tana jiran sauran.

Ɗana Sabi'u, da ke karatu a Marsai,
na aika masa hoton takardar ta salula.
Ya bi shago shago da ita
har wata tsohuwa mai sayar da zaitun, Araksi,
ta karanta layin farko ta nemi kujera.

Ba Garba ba ne, Garabed.
Ba Kwara ba ne, mutumin Armeniya.
Terziyan: ɗan tela, jikan tela.
Ni da na gaji keken,
ashe sunan gidanmu nake takawa kullum ban sani ba.

Wasiƙar ta ƙanensa ce, Sarkis, daga Yamai:
"Kogin nan ya yi kama da wanda muka tsallaka muna yara,
sai dai wannan kifi kawai yake ɗauke da shi. Ka zo."
Bai je ba.
Ko kuɗin mota, ko zuciya, ko tarin nan,
Allah masani.

Ni na je.
Kwana shida a Yamai.
A ma'ajiyar takardu gara ta riga ni ga shafin.
A Katako wani tsohon tela ya sosa ƙeya:
"Sarki Kwara? Ai ya bar baya a Gamkalle."

Dommo tana yanka albasa a bakin ƙofa.
Hausarta ta kasuwa ce, Zabarmancina na gaisuwa.
Ta dube ni, na dube ta:
girarmu haɗe a tsakiya
kamar ɗinkin da aka manta ba a yanke zarensa ba.
Na ajiye almakashina a tabarma.
Ta shiga ɗaki, ta daɗe,
ta fito da ɗan'uwansa, baki ɗaya ya karye.

Ba mu yi kuka ba. Ta ci gaba da albasa,
muka bar wa albasar laifin.
Sai jikarta ta yi tuntuɓe ta faɗi,
ta ɗaga ta, ta kaɗe mata gwiwa:
"Gambi jan."

Na ce, jan me?
Ta ɗaga kafaɗa. Haka dai ake cewa a gidan nan.

Da dare na kira Marsai.
Araksi ta yi dariya har Sabi'u ya kasa fassara,
sannan ta ce: raina, abin ƙaunata, shi ke nan.

Jibi zan koma Tawa.
Kafin in buɗe shago zan bi ta maƙabarta
in tsuguna wajen kan Inna in gaya mata:
babu saura, Cima.
Tun ranar ya gama maganarsa.