Giɓi a Sahun Gishiri

Ƙarfe biyun dare a Ɗorayi,
an ɗauke wuta, batir saura kashi goma sha ɗaya.
Ina jera ƙwayoyin zarra a kwamfuta,
dubu takwas, sahu bayan sahu,
kafaɗa da kafaɗa, ba mai leƙen wani.
Na haska musu hasken nan mai ratsa tsoka ya tona ƙashi,
ba na gaske ba, na lissafi,
sai allo ya fito da ɗige-ɗige tsaf,
kamar an shuka riɗi da igiyar awo.

Ya yi kyau. Amma ba shi ba ne.
Hoton da Dakta Barau ya miƙo mini ran Talata
na gishiri ne na gaske, irin na bakin mudu a Kasuwar Rimi.
Tsakanin ɗigo da ɗigo akwai wani dishi-dishi,
kamar sawun yatsa a madubi.
Wata uku ina goge shi, ina kiransa datti.
Ya ce, "Datti? To, je ka sake dubawa."

Kawu Mati na tuna, masaƙi a gindin Dala.
In an kawo masa ƙyalle ba ya tambayar na wane ne,
ɗagawa yake saitin fitila, ya kanne ido ɗaya.
Inda zare ya tsinke aka ƙulla,
inda ƙoshiya ta yi gaggawa don an kira la'asar,
nan yake karanta sunan mai shi.
Wurin da ya tafi daidai, in ji shi, na kowa ne.

Sai na fara ɓarna.
Na zare ƙwaya ɗari, na bar gurabensu wayam.
Na ce wa maƙwabta su ɗan karkato,
yadda sahu kan matso in alwalar wani ta karye ya fita.
Na girgiza sauran kaɗan, don zafi ba ya barin kowa tsaye cak.
Na sake haskawa.

Ɗige-ɗigen suka rage ƙyalli,
ba su bar mazauninsu ba.
Abin da suka rasa bai ɓata ba, ƙaura ya yi,
ya bazu a filin da ke tsakani,
siriri, toka-toka.

Kusan shi ne. Kusan.
Nasa dishi-dishin yana da jela, ya nufi kusurwa,
nawa ya kwanta ko'ina kamar kunun da ya zube.
Ashe giɓi ma ba ya faɗuwa da ka,
yana duba inda ɗan'uwansa yake kafin ya zauna,
ko ya raɓe shi, ko ya ba shi tazara.
Wannan ban rubuta ba tukuna.

Saura kashi biyu.
Janareton mai shayi ya yi tari ya mutu.
Na lalubi biro a duhu, na rubuta a bayan katin waya:
gobe a tambayi giɓi su wa yake gudu.
A harshena har yanzu
da ɗanɗanon ƙwayar da na lasa ina jira.