Littafin Bashi

Bayan isha'i wutar ta tashi. Daga rumfar wa? Har yau ana musu.
Wasu sun ce wayar lantarki, wasu garwashin mai tsire.
Ni dai na ga sama ta yi ja har Ƙofar Doka,
jemagu suka watse daga kan rimi
kamar an zazzage buhun gawayi a iska.

Motar kwana-kwana ta zo da jiniya, ba ta zo da ruwa ba.
Muka jera da bokitai tun daga rijiyar masallaci,
kafin bokiti ya kai ga wuta rabinsa yana ƙafafunmu.

Da asuba mahaifina, Malam Jatau, ya tsuguna cikin toka.
Keken ɗinkinsa ya durƙusa kamar raƙumi,
shadda yadi saba'in ta bi hayaƙi.
Bai tambayi shadda ba.
Littafin bashi yake tono, mai bangon fata,
shekara sha tara na sunayen mutane.
Ya samu ƙusar bango. Ya sa a aljihu.

Kwana uku ba wanda ya zo sai masu jaje.
Ran na huɗu ga Lantana mai koko,
ta kwance bakin zane: "Kuɗin rigar Sambo ne, na bara."
Dogara direban tifa ya juye yashi, ya ce a cire cikin nasa.
Nnamdi, da shagonsa ya ƙone tare da namu,
ya kawo kwano bandir ɗaya, bai ce a rubuta ba.
Wani mai manyan riguna uku a wuyansa
ya sauke gilashin mota,
"Allah ya mayar da alheri," ya ɗaga gilashi.

Sai masu awo suka iso da igiya da jan fenti.
Katafila ta cinye lungun da jaki ke wucewa a karkace,
aka buɗe hanya mota biyu su gifta.
Bulo ya hau bulo, bene ya hau shago,
ƙofofin ƙarfe, tankin ruwa, sola a kan rufi.
Durumin tsakiyar kasuwa ya tare layin taswira,
aka sare shi ran wata Laraba.
Mu aka ba mu lamba arba'in da bakwai.

Yanzu a waya nake rubuta bashi.
Ɗana ya ce wannan ba ya ƙonewa.
Jar tukunyar kashe wuta na rataye a bango,
a kanta Baba ke ajiye hula.

Amma duk Juma'a, in an sauko,
sai ya dogara sanda inda durumi yake a dā,
ya ƙirga taku goma sha ɗaya zuwa gabas,
ya tsaya a ƙofar wani yaro mai cajin waya.
Yaron bai san komai ba.
Benci kawai yake jawo masa.