Saƙar da Ba Ta da Gefe

A Tampere, cikin Janairu, rana leƙe kawai take yi,
kamar mai bin bashi da ya tarar da ƙofa a garƙame.
Shekara talatin da ɗaya na yi a masaƙar bakin kogi
kafin a kashe injuna, a mai da zauren gidan shan kofi.
Yanzu hannuna rawa yake, zare ya ƙi kafar allura.
Sai ga jikana Taneli, kwamfuta a hammata,
ƙanƙara na narkewa a takalminsa.
Ya ture kwanon kifi gefe, ya ce,
"Kaka Sirkka, zo ki ga saƙar da ba ta da masaƙi."

Fili ne gida-gida, baƙi ƙirin, babu bango.
Dokarsa ba ta kai tsawon numfashi ba:
duk ɗigon da ke raye, gobe ya mutu, ba roƙo, ba ɗaukaka ƙara;
kangon da ke da maƙwabta biyu cif, shi zai haihu.
Na ce, "Garin da kowa kwana ɗaya yake,
ai kafin shayi ya huce ya zama kufai."
Ya yi dariya, ya ajiye ɗigo biyu kafaɗa da kafaɗa.

Biyu suka zama huɗu. Shida. Takwas.
Na ce na gano zanen, goma ke tafe.
Goma sha huɗu suka fito.
Daga nan lissafi ya kuɓuce mini,
kamar madarar da aka manta a kan wuta.
Gaba na gudu a jere, baya na tafasa,
babu ɗigo ɗaya da ya ga jikansa,
amma taron sai ƙaruwa yake.

Na nemi maimaici, don idon masaƙiya
ba ya hutawa sai ya ga inda zane ya dawo.
Babu. Tsakiya yayyafi ce mai canza ra'ayi.
A baki-baki ne kawai na ga ɗigo huɗu sun haɗa kai,
sun miƙe sak, taki ɗaya kowane bugu,
ba waiwaye.
Haka uwarsa ta hau jirgin ruwa zuwa Suwidin.
Ban faɗa masa ba.

Na ce, "Ba ni." Da yatsa mai rawa
na sa biyu a karkace, kusurwa na taɓa kusurwa.
Suka mutu, wasu biyu suka tashi a gurbin da ke fanko,
suka mutu, na farko suka dawo.
Haka, haka, haka.
Veikko ke nan da ni:
shi aikin dare, ni na safe,
shekara tara gado ɗaya,
abin da muke tararwa ɗumin juna ne a bargo.

Taneli ya ce an san wannan tuntuni, har suna gare shi.
Na ce bar sunan, bar mini su.
Amma gobarar can ba a kashe ta ba.
Na ga bakinta na matsowa, gida ɗaya, gida ɗaya,
ta lashe su ba ta ko tauna ba,
ba a gane inda suka zauna.

"Kai su nesa," na ce.
"Kaka, nesa jinkiri ne kawai."

Fankar kwamfutar ta fara nishi
irin na injin lamba bakwai gab da tashi aiki.
Ya kai hannu zai share filin.
Na riƙe wuyan hannunsa.
A waje taragon ƙarshe ya wuce, tagogi suka girgiza.
Na ce, "Sake sa mini biyun nan.
Can ƙurya. Ina so in ƙirga
bugu nawa za su samu."