Kofaton Akuya a Tihany

Ambrus mai yankan iwa ya tsufa,
gwiwarsa ta daina shiri da sanyin Balaton.
Bana jikarsa Piroska ce ta hau ƙanƙara da lauje,
shi yana gaɓa cikin rigar fatar tunkiya,
yana jujjuya wani farin abu a tafin hannu.

Yaran gari kofaton akuya suke ce masa.
"Ƙumba ce," in ji tsohon, "ta wani ruwa
da ya kwanta a nan tun ba a san mutum ba.
Inda gonar inabinmu take, kifi ya yi ƙwai."

Piroska ta goge hanci da bayan safa.
"To wa ya shanye teku, Kaka?"

Ba wanda ya sha.
Duwatsu ne suka miƙe a hankali
kamar bijimi mai tashi daga kwance,
suka tare masa hanyar zuwa wurin dangi.
Ya zama maraya a cikin kwano.
Koguna suka riƙa zuwa gaisuwa,
kowanne da tsarabar laka a goye,
da ruwan daɗi mai surka gishiri.
Mai zuwa kullum shi ke gaje gida.
Gishiri ya yi lami.
Teku ya sauke sunansa, ya amsa tabki,
tabki ya yage gida-gida ya koma fadama,
fadama ta tara iwa da kwaɗi da zalɓe,
daga baya can garma ta iso.

"Wannan da kike takawa ma ba ɗansa ba ne,
ɗan haya ne da ya tarar da ɗaki ba kowa."

Sai ya nuna mata turke, baƙi, ya karkace.
A nan yake ɗaure jirgi shekarar da ya auri Jolán.
Yanzu taku goma sha ɗaya ne tsakaninsa da ruwa,
ya ƙirga jiya,
iwa ta cinye bakwai, ciyawa ta karɓi huɗu.

Yarinya ta fito da dami a kafaɗa,
ta karɓi ƙumbar, ta ɗora a kan harshe
ko za ta ji saura.
Ƙasa ta ji, da gumin hannun kakanta.

Ta jefa a aljihu.
"Tashi mu je, miya za ta huce."