Ƙwayar Kuza a Bakin Allura

Sai ƙarfe ɗayan dare muke aunawa,
bayan tirelolin Titin Bauchi sun yi kwana,
don na'urar nan ta fi jinjiri saurin farkawa.
Babbar mota ta gifta a Farin Gada,
sai ka ga rawar ƙasa ta fito a hotonta.
Ko tari ba ma yi.
Takalmanmu na can bakin ƙofa.

Ba ta da ido.
Allura ce, tsininta ya fi ƙarfin gani,
tana lalube kamar yatsar makaho a kan kwabo,
ta je ta dawo, kunya bayan kunya,
allon kwamfuta na faɗin abin da ta taɓa.

Ranar farko Dakta Kachollom ta ce mini,
"Nanomita? Dubi farcenka, Tanimu.
Kafin ka gama kiran sunanka ya ƙaru da ɗaya."
Tun ran nan nake yi wa hannuna kallon baƙo,
ashe yana aiki ban sani ba.

Abin da ake biyanmu mu auna
gilashin sola ne, da ɗan shafen da ke kansa.
Amma daren jiya na zo da abin da babu a littafin aiki:
ƙwaya ɗaya, baƙa wuluk,
daga gwangwanin tabar kakana Ɗantala.

Shekara talatin ya yi a ramukan Bukuru,
kwano a ka, laka har gwiwa,
sanyin asuba na cin kunnuwansa.
Ya san nauyin kuza da wuyansa,
ya san akawun da ke dafa sikeli da ɗan yatsa.
Da tari ya tafi.
Gadonsa bargo ne, da buta, da wannan gwangwani.

Kwana biyu ina goge ƙwayar
har ta yi sumul, a ganina.
Allura ta sauka, ta ƙaryata ni.

Ga tuddai sun taso a allo
hawa-hawa, kamar Dutsen Shere in gari ya waye.
Ga tsaga ta ratsa su tana karkacewa,
na ce a raina, Dilimi ke nan.
Can gefen hagu kuma rami,
bakinsa zagayayye, cikinsa duhu.

Kachollom ta matso da kujera.
Ta daɗe ba ta ce komai ba.
Sannan, ƙasa-ƙasa, don kada allura ta ji:
"Haka tafkin garinmu yake.
Gonar accar kakata ce a da,
kafin kamfani ya zo da lebura."

Ban tambaye ta shekarar ba.
Ita ma ba ta tambaye ni ramin da Ɗantala ya haƙa ba.
Na ja ma'auni daga baki zuwa gindi:
zurfi, nanomita arba'in da bakwai.
Ta rubuta a bayan takardar shayi.
"Wancan tafkin," in ji ta, "har yau ba wanda ya auna shi.
Yara dai an hana su zuwa."

Sai wuta ta ɗauke.
Janareta ya yi gyaran murya a bayan gini,
bene ya amsa,
tuddan suka tsage, hoton ya zama zane-zane
kamar kaza ta bi ta kan rubutu.

Na ɗaga allura a hankali.
Na kai hannu zan mayar da ƙwayar gwangwani,
ta ce, "Bar ta a nan. Ba mu ga ɗaya gefen ba."

Muka fito, sanyin Naraguta ya tare mu.
Mai shayin bakin gyet bai hura wuta ba tukuna.
Muka tsaya jiransa, kowa hannu a aljihu,
farce na ta ƙaruwa a cikin duhu.