Baƙo a Kan Shimfiɗa

Ruwan Agusta ya kwana uku a Jos bai ɗauke ba.
Ina Tudun Wada, ƙafafuna cikin safa biyu,
kwamfuta a cinya tana ɗumama ni kamar kasko.

Dalyop ya rasu bara.
Ya bar wa 'yan dankalin Farin Gada manhajar lissafi
da ya rubuta tun ina firamare:
buhu nawa ya shigo daga Bokkos,
wa ya biya, wa ya ce sai ran kasuwa.
Yanzu kuɗin buhu ya yi tsawo,
ya fi ƙarfin gurbin da ya tanadar masa,
lissafi yana nuna bashi inda ake da riba.
Barira ta kawo mini filashi ƙulle a bakin zani,
ta ce, ai ke kika yi karatun.

Gyaran layi ɗaya ne,
na gan shi tun shayi bai huce ba.
Amma rubutu ba ya zama aiki sai ya bi ta maƙera,
maƙerin da Dalyop ya saba da shi kuwa,
tsohon kompaila mai taurin kai,
a Windows aka yanke masa cibiya.
Ni gidana Linux ne.

Sai na yi masa shimfiɗa,
wata siririyar manhaja, tafinta,
mai zama tsakanin baƙo da mai gida.
Ya ce, ina rumbun C?
Ba mu da rumbun C a nan.
Ta nuna masa wani lungu, ta ce, ga shi, Baba.
Ya nemi rajista,
ta miƙa masa littafin da ta ɗinka da hannunta.
Ya ja sandarsa mai karkata hagu,
ta mayar da ita dama kafin mai gida ya lura.
Ban sani ba ko ƙarya ce wannan ko ladabi.
Kakata ta shekara arba'in a Nasarawa Gwom
tana kiran dutsen unguwar da sunan wani dutse na Kazaure,
ba wanda ya taɓa gyara mata.

Na danna. Ya fara ƙira.
Fayil ɗaya, biyu, sha bakwai,
sai ya tsaya cak.
Ba a sami hanya ba, in ji shi.

Aka ɗauke wuta. Batir saura talatin da ɗaya.
Na bi hanyar da yatsa, harafi harafi,
kamar mai tsintar tsakuwa a cikin acca.
Ashe laifina ne.
Jakar da na zuba aikin na sa mata suna Ƙididdiga,
shi kuma tsohon bai san ka mai ƙugiya ba.
Tafinta ta kai shi har bakin ƙofa,
ya dubi lanƙwasar, ya ga alamar tambaya.

Na daɗe kafin in cire ƙugiyar.
Ƙaramin abu ne, na sani.
Ni ma Ɗayyaba ce a gida, Dayyaba a banki.

Can a gefen layi na ɗari biyu da shida
sai ga saƙon Dalyop,
da Hausarsa ta kasuwa, ba ƙugiya ko ɗaya:
kada kowa ya taba nan.
Na yi dariya ni kaɗai cikin duhu.
Taba ko taɓa, Baba Dalyop,
aikin gama ya gama.

Batir saura tara.
Maƙeri ya sake hura zugazugi,
layuka suna gudu sama kamar tururuwa,
ya kai ƙarshe.
Kuskure: babu.
Gargaɗi: arba'in da huɗu,
tsoho dai ba ya rasa gunaguni.

Gobe Barira za ta buɗe a rumfa,
ta ga riba ta koma wurin riba,
ta ce in ɗauki rabin kwando in tafi.
Na sauke murfi a hankali.
Baƙon yana ciki, kwance kan shimfiɗarsa,
yana zaton a gida yake.
Ban tashe shi ba.
Ruwa na ta dukan kwano.